Shitu Mai Kankana da Katakon da Ya Nuna

A Karaye, in dai zancen kankana ake yi, babu mai ja da Malam Shitu. Tun yana saurayi yake saro ta a gonakin bakin dam yana kasawa a kasuwa, kuma Allah Ya hore masa kunne. Zai ɗaga kankana ya kara a kumatu, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. In ta ce "ɗum" kamar ganga, sai ya ce ta nuna, a fasa. In ta ce "taf", ya ture ta gefe ya ce ɗanya ce. Ba a taɓa fasa wadda ya zaɓa aka tarar da fari ba, wannan kam ba za a tauye masa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne Shitu ya ɗauka kunnen nan nasa ya ishe shi komai a duniya. Ya ƙwanƙwasa ragon layya, ya ƙwanƙwasa rediyo, har cikin jikansa ya taɓa ƙwanƙwasawa ya ce ba tsutsa ba ce.

Ana nan sai ƙaninsa Kabir, mai sana'ar kayan ɗaki a Kano, ya sayo tsohon injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, ya kawo ya ajiye a shagon da ke jikin zauren Shitu. Niyyarsa in ya gama wani aiki da ya karɓa a Abuja, ya dawo gida ya buɗe wurin sana'a. Injin kamar faffaɗan tebur yake, da wani haƙorin ƙarfe mai juyawa a samansa. Ka shimfiɗa katako, ka zaɓi zane a kwamfuta, ka danna, sai haƙorin ya yi ta yawo yana yanka abin da ka zaɓa. Kuskuren Kabir ɗaya ne: ya nuna wa yayansa inda ake dannawa. Motar da ya hau ba ta bar gari ba Shitu ya sanar a majalisa cewa daga yau Injiniya za a riƙa ce masa.

Abin ya zo daidai da bikin 'yar autarsa Na'ima, wadda za a kai Ruwan Bago a ƙasar Rogo. Matarsa Zaituna, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta tara kwanuka da labule da katifa, saura gado. Hankalinta a tashe yake, don ta sami labarin gwaggon ango, wata Hajiya Rabi'atu, wadda ba ta shiga ɗakin amarya ta fito bakinta a rufe. Abin da ta faɗa ranar jere, shi zai bi yarinya har ta yi jikoki. Zaituna ta ce a ba kafinta aikin tun da wuri, in kuwa hannu bai kai ba, ga gadonta na maɗaci da marigayiya mahaifiyarta ta saya mata da kuɗin man gyaɗa, a goge shi a kai wa yarinya.

Shitu ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Gadon zamanin da? Ina da kwamfuta a zaure? Ki zuba ido kawai, Zaituna. Ɗawisu zan zana a allon gadon nan, bindinsa ya bazu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mutanen Rogo sai sun tambaya ko ta jirgi aka kawo shi."

"Malam, ni dai kada a kunyata min yarinya a gidan mutane."

Ya ce kunya ai sai dai su su ji.

Da Kabir ya ji labari a waya, ya yi ta roƙon a jira shi. Da ya ga roƙo ba zai yi ba, sai ya koma bayani. Ya ce filawud za a saya, wato katakon nan da ake manna falle kan falle har ya yi kauri, kuma ba sai mai tsadar gaske ba, na tsakiya ma ya isa in an iya zaɓe. A duba gefensa, a ga fallayen sun kwanta lif babu rami a tsakani. A ɗaga shi a hango tsawonsa, kada ya zama ya kantare. A ji nauyinsa a hannu. Duk wannan bayanin Shitu ya maƙale wayar ne a kafaɗa yana ƙwanƙwasa wa wata mata kankana. Ya ce, "Na ji, na ji," ya kashe.

Washegari ya sa babbar riga ya nufi rumfar Ɗanmaliki mai katako. Suka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa da gajiyar shirin biki, sannan Shitu ya ce a fito masa da filawud na injiniyoyi. Ɗanmaliki ya jawo wani falle mai nauyi, ya shafa gefensa da yatsa ya nuna masa yadda hawa-hawan suka haɗu kamar an guga, ya ce wannan shi kafintocin kirki ke ɗauka, ga kyau ga sauƙi daidai gwargwado.

Shitu bai ko kalli gefen ba. Ya naɗe hannun riga, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa. Katako ya ce "taf".

"Ɗanye ne," in ji Shitu.

Ɗanmaliki ya tambaya ko ya ji daidai. Shitu ya maimaita masa, ya ƙara da cewa shi ba yaro ba ne da za a haɗa shi da kayan da aka tsinko kafin lokacinsu. Ya bi jerin katakon yana bugu, wannan ɗanye, wancan ɗanye, har ya dangana da wani tari a bayan rumfa wanda damina ta taɓa, Ɗanmaliki ya ware shi don masu kejin kaji. Ya buga na sama. Ya ce "ɗum". Fuskar Shitu ta washe kamar ya ga ɗan'uwa a tasha.

"Ka ji magana. Ashe nan ka ɓoye nunannun."

"Malam Shitu, wannan ƙarar da kake ji kogo ne a ciki. Gam ya saki."

"To ita kankana me ke sa ta ƙara in ba nuna ba?"

"Katako kake saye, ba abin buɗa-baki ba."

"Duk icce ya haife su."

Ɗanmaliki ya tuna masa cewa kankana yaɗo take yi a ƙasa. Shitu ya ce wannan kuma gardamar 'yan kasuwa ce, ya gane so ake a ɓoye mai kyau a sayar wa 'yan birni. Da ya ji farashin ma ya faɗi ƙasa warwas, sai ya ƙara tabbata Allah ne Ya tsaga da rabonsa. Ɗanmaliki mutum ne mai tsoron Allah, amma ba ya tsoron ciniki. Ya kira maƙwabtan rumfa biyu ya ce su shaida ya faɗa, sannan ya taya shi ɗorawa a kura.

Ranar da za a fara aiki, Shitu bai bar kowa bai gayyata ba. Aka tayar da janareto, mutane suka cika ƙofar shago, a gaba-gaba akwai Bappa, maƙwabcinsa mai kiwon shanu, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa suka rabu ba a tsokani juna ba. Aka shimfiɗa falle a kan inji, sai ya ƙi kwanciya: tsakiyarsa ta yi tozo, gefe ɗaya ya ɗaga kamar yana gaisuwa. Shitu ya ce gajiyar hanya ce. Ya shiga gida ya ciccibo turmin Zaituna ya ɗora a gefen da ya ɗaga, ya yi bisimilla, ya danna.

Gaskiya da farko abin ya ba da sha'awa. Haƙori ya sauka yana kuka, gari na tashi, ga kan tsuntsu yana fitowa, ga baki, ga ɗan tukku. Tsofaffi suka fara salati. Shitu ya harɗe hannu a baya yana zagaya inji, yana gaya wa mutane da Turancin da shi kaɗai ya san ma'anarsa cewa yanzu kwamfuta tana tunani.

Da haƙorin ya iso wuya, sai ya faɗa kogo. Aka ji ƙarar ta sauya, fatar saman katakon ta ɓare ta yi sama, ta sauka a kan malafar Bappa. Inji bai san an yi ba, ya ci gaba da tafiyarsa. Inda katako ya yi tozo ya huda shi har ƙasa, inda ya lotsa ya wuce a iska bai taɓa komai ba. Can hannun injin ya iso inda turmi yake, ya ture shi, turmi ya gangara ta ƙofa, jama'a suka dare, ya bi titi ya tsaya a gindin mai shayi.

Da ƙura ta lafa aka leƙa. Ɗawisu dai ga shi, amma wuyansa a tsinke, bindinsa gefe ɗaya ne, jikinsa duk ramuka. Bappa ya cire ɓawon katako daga malafarsa, ya duba da kyau, ya tambaya cikin ladabi ko wannan ita ce kazar da shaho ya ɗauka a gidan Liman. Shitu ya ce wanda ya saba kallon bayan saniya ba zai gane zane ba. Ramukan kuwa, in ji shi, na shan iska ne, gadon zamani dole ya yi numfashi lokacin zafi.

Ya sa falle na biyu, ya sa na uku. Kowanne da irin nasa halin: wani ya dare gida biyu, wani ya yi ta furzar da gari baƙi mai warin ruma. Da ƙyar aka sami ɗaya da ɗawisunsa ya fito da kai da bindi a jiki guda, ko da yake ramukan cikinsa wani har yatsa yana shiga ya juya. Biki ya matso. Zaituna ta daina tambaya, sai dai in ya shigo ta bi shi da ido, abin da ya fi tambayar ciwo.

Yana zaune a tsakar gida yana neman dabara, idonsa ya faɗa kan kwanon tunkuza da Zaituna ta matse ta ajiye za ta murza ƙuli-ƙuli. Ya kalli tunkuza, ya kalli guntun katakon da ke hannunsa. Launi ɗaya, kamar uwa ta haife su. Bai yi shawara da kowa ba, dama ba halinsa ba ne. Ya ɗebi rabin kwano ya kai shago, ya cuɗa da garin katako, ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya yana cusawa yana lailayewa da bayan cokali. Har wuyan ɗawisu ya ƙera masa sabo. Da ya sha iska ya bi shi da man ƙyalli, sai ga allon gado sumul yana ɗaukar ido. Haka ya yi wa ƙafafu da gefuna, duk inda ya ga baki a buɗe ya ba shi tunkuza.

Zaituna ta fito tana cigiyar wanda ya taɓa mata kwano. Shitu ya ce awaki ne, ya ma kore su da kansa. Sannan ya ja ta shago ya yaye zanen da ya rufa. Ta tsaya tana kallo, don abin ya yi kyau, kuma ranta yana so ya zama gaskiya. Na'ima ma ta leƙo, ta rufe baki da mayafi tana murmushi, ta ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri." Wannan kalmar ta shiga Shitu har ƙashi. Ranar ko abincin kirki bai ci ba don daɗi.

Kafin a kwana biyu kiyashi suka ja layi daga bakin ƙofa har ƙirjin ɗawisu. Bappa ya nuna masa, Shitu ya ce abu in ya yi kyau har ƙwari zuwa kallo suke. Ya zagaye gadon da toka, ya kuma kori kyanwar maƙwabta da ta tare a shagon ba gaira ba dalili.

Ranar jere aka ɗora kaya a a-kori-kurar Ƙasimu direba, mata suka bi a wata motar. Shitu ya ce shi zai haɗa gadon da hannunsa, don kafintocin ƙauye ba su san kan aikin kwamfuta ba. Rana ta buɗe sosai, hanya kuma ba ta da tausayi. Tun kafin su shiga ƙasar Rogo Ƙasimu ya fara shaƙar hanci yana waige-waige, ya ce shi dai yunwa ta taso masa, kamar wani na suyar ƙuli a bayan mota. Shitu ya ce ƙamshin sabon katako ne, na waje haka yake.

A Ruwan Bago aka tarbe su da mutunci, aka kawo ruwa da fura, aka yi gaisuwa mai tsawo. Da yake mata suna ciki suna shimfiɗa leda da kafa labule, sai aka sauke gadon a tsakar gida. Shitu ya ga taron mata, ga dangin ango, ga maƙwabta suna leƙe ta katanga, ya ce ai a nan zai fara haɗa shi kowa ya gani, in ya so a kwance a shigar. Ya ɗaura, ya ɗaure, ya ja da baya ya yaye zane.

Aka yi guɗa. Ɗawisu yana ƙyalli fiye da yadda ya baro Karaye, don zafin hanya ya narkar da abin da ke cikinsa, mai yana tsattsafowa yana gangarowa ta bindi. Wata ta ce tsuntsun gumi yake. Shitu ya ce alamar katako mai rai ke nan.

Sai ga Hajiya Rabi'atu ta fito daga ɗaki, doguwar tsohuwa mai carbi a hannu. Ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta zagaya gadon, ta tsaya, ta shaƙi iska. Ta tambaya a ina aka sami katakon. Nan fa Shitu ya samu abin da yake so. Ya ba ta labarin kunnensa tun daga bakin dam, da yadda mai katako ya so ya cuce shi da ɗanye, da yadda ya bankaɗo nunannun a bayan rumfa. Yana cikin bayani bai lura da akuyar gidan ba, wadda ta zagayo ta bayansa da 'ya'yanta, ta ɗora ƙafafun gaba a gefen gado, ta sa harshe a wuyan ɗawisu. Kafin a ce kore ta, ta cire wuyan ɗungurungum tana taunawa. 'Ya'yan suka kama ƙafafun gado. Kaji suka taho a guje.

Zaituna ta matso ta dangwali abin da ke zuba, ta kai hanci. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ashe waɗannan ne awakin da suka cinye min tunkuza."

Tsakar gida ta kwashe da dariya, har da masu leƙen katanga. Da wani mai hankali ne, da ya tsaya nan. Shitu kuwa ya ce ado ne kawai ya taɓu, ƙarfin gado yana nan, kuma yanzu zai nuna musu. Ya tattara babbar riga, ya ja da baya, ya faɗa tsakiyar gadon da dukkan nauyinsa. Gado ya ce "ɗum" sau ɗaya, mai kyau, irin wanda yake so, sannan ya buɗe ya haɗiye shi. Ƙafafu sama, hula a ƙasa, allon ya kifo a kansa, kansa ya fito ta inda wuyan ɗawisu yake a da. Akuya ta matso ta ci gaba da lasa ta gefen kunnensa.

Hajiya Rabi'atu ta sunkuya, ta ƙwanƙwasa abin da ya rage na allon da bayan yatsa, ta kara kunne.

"Gaskiyarka, Malam. Ya nuna."

Dariyar da aka yi ta isa a ji ta har Karaye. Amma Shitu daga inda yake a maƙale yana hango fuskar matarsa, ita ba dariya take ba. Ta kalli ƙofar ɗakin da aka gama yi wa ado, labule sabo, kwanuka a jere, tsakiya fayau babu gado, ga shi kafin magariba za a kawo Na'ima. Idonta ya cika, ta share da bakin mayafi tun kafin dangin ango su gani.

Zaituna ta juya wajen direba.

"Ƙasimu, juya mota Karaye. Ka ce a buɗe ɗakina a kwance gadona a kawo."

Ƙasimu da wasu maza biyu suka zaro Shitu kamar ana cire ƙaya. Bai karkaɗe rigarsa ba ya haye bayan mota. Shi ya kwance gadon maɗacin da hannunsa, shi ya goge shi da tsumma, shi ya riƙe shi a hanya kada ya gogu. Da aka kafa shi a ɗakin amarya, Hajiya Rabi'atu ta zauna a bakinsa, ta girgiza, ko motsi bai yi ba. Ta tambaya na wane ne, aka gaya mata. Ta ce yarinyar da uwarta ta sauka daga gadonta ta ba ta, ba a taɓa ta a gidan nan sai an taɓa ita Rabi'atu. Wannan maganar ce ta bi Na'ima, ba ta akuya ba. Ta akuyar Shitu ta bi.

Bayan biki ya gaya wa majalisa cewa laifin kwamfuta ne, ba ta saba da katakon ƙasar nan ba. Bappa ya ce haka ne, ya kuma tambaya ko akwai sauran gadon, don shanunsa sun rame. Yara suka riƙa biyo teburin kankanarsa suna ƙwanƙwasa ƙafar teburin suna tambaya ko ta nuna. Kabir da ya dawo ya ga haƙorin injinsa ya dakushe yana warin man gyaɗa, sai ya sayo kwaɗo ya sa wa shagon.

Ranar da suka dawo daga Rogo, Shitu ya shiga turakarsa zai yi ƙailula ya tarar da ita wayam. Ya leƙa ɗakin Zaituna, ga gadonsa can an kafa, har ta shimfiɗa zanenta a kai tana ninke kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya tambaya shi kuma a ina zai kwanta.

Ba ta ɗago ba. Ta nuna masa zaure da haɓa, inda sauran fallayen da ya zaɓo suke jingine.

"Ga nunannu can, Malam. Kai ka iya zaɓe."

Ya shimfiɗa ɗaya a ƙasa ya kwanta. Duk juyin da ya yi, katakon sai ya ce masa "ɗum".